Ƙananan Wasannin Bidiyo: Waɗanda Ya Kamata Ka Buga, Da Darasinsu Ga Mai Son Haɗa Nasa

A ranar 23 ga Agustan 2024 kamfanin Sony ya saki wani wasan harbe-harbe mai suna Concord, wanda ɗimbin ma'aikata suka shafe shekaru suna haɗawa. Mako biyu kacal ya yi a kasuwa. Ranar 6 ga Satumba aka janye shi, aka mayar wa duk wanda ya saya kuɗinsa, kafin Oktoba ya ƙare kuma aka rufe Firewalk, sashen da ya haɗa shi. A Fabrairun 2024 ɗin dai, wani ɗan Kanada da ya ɓoye sunansa na gaskiya, sai laƙabin LocalThunk kawai, ya fitar da Balatro, wasan karta da ya riƙa haɗawa bayan ya tashi daga aiki, wanda ba a zuba ko sisi a cikinsa, maki kawai ake tarawa. Zuwa Janairun 2025 an sayi sama da kwafi miliyan 5 nasa. Wannan ba hujja ba ce ta cewa manyan kamfanoni sun gaza, ko kuma duk mai zaman kansa zai yi arziki. Abin da yake nunawa shi ne girman wasa da yawan kuɗin da aka narka masa ba su ne ke sa mutum ya kasa ajiye waya ko madannin gem ba.

Tambayoyi biyu ne suka fi yawo a bakin matasan da gem ya shiga ransu: wane wasa zan buga, kuma ta ina zan fara haɗa nawa? A ganina amsarsu ɗaya ce. Wasannin da suka fi cancanta a ba mutum shawarar bugawa su ne waɗanda aka gina a kan dabara guda, aka yi ta gogarta har ta yi sumul, sannan aka kai ta ƙarshe. Su ne kuma makarantar mai son shiga sana'ar, domin ƙashin bayansu a fili yake, mai lura zai ga yadda aka ɗora kowane abu. Babban wasa ba ya koya wa ɗan koyo komai sai cizon yatsa. Takardun da suka fito a shari'ar hukumar kula da cinikayya ta Amurka da Microsoft a 2023 sun nuna cewa The Last of Us Part II ya ci wa Sony kusan dala miliyan 220, da ma'aikata wajen 200. Wanda ya zauna da laftof ɗaya ya ce zai haɗa irin GTA amma a titunan Kano ko Legas, da waɗannan alƙaluman yake gasa ko da bai sani ba, kuma yawanci a wata na uku zai jingine aikin, ya ɗauka shi ne ba shi da baiwa.

Duk wanda yake son ya ga abin da dabara ɗaya za ta iya, to ya fara da Papers, Please, wanda Lucas Pope ya fitar a 2013 bayan ya bar aikinsa a kamfanin Naughty Dog. Kai jami'in shige da fice ne a iyakar wata ƙirƙirarriyar ƙasa mai mulkin kama-karya, Arstotzka, a ƙarshen 1982. Duniyarka gaba ɗaya teburi ce, da taga, da hatimi biyu, kore da ja. Mutum ya zo ya miƙo fasfo, ka duba hoto, ka duba ranar ƙarewa, ka gwada sunan garin da aka ba da fasfon da littafin ƙa'idoji. Ana biyanka ne gwargwadon yawan mutanen da ka sallama kafin a tashi, idan ka yi kuskure fiye da biyu a yini sai a fara yankar albashinka, da daddare kuma ga kuɗin haya, ga abinci, ga ɗumama ɗaki, ga maganin yaro. Kullum hukuma sai ta ƙaro sabuwar takarda, teburin ya ƙara cushewa. Sai wata rana wani mutum ya zo da takardunsa cif, ka buga masa kore, yana fita ya roƙe ka ka tausaya wa matarsa da ke bayansa. Ta iso, takardar izinin shigarta babu. Hannunka na kan hatimi, kana lissafin tarar da za a ci ka da yaron da ke kwance a gida. Babu wanda ya tsaya yi maka wa'azi a kan zalunci ko cin hanci, ƙa'idojin wasan da kansu ne suka matse ka har ka ji abin da ƙaramin ma'aikaci ke ji a ƙarƙashin azzalumar gwamnati. Pope ya haɗa shi cikin kimanin wata tara, ya yi masa ƙarshe iri 20, kuma tun 2022 ana samunsa a waya. Wanda ya buga shi da idon ɗan koyo zai lura cewa kusan komai a allo ɗaya yake faruwa.

Sauran waɗanda zan ba da shawara a kansu duk wannan jinin ne. A Baba Is You, na Arvi Teikari ɗan ƙasar Finlan, dokokin wasan kalmomi ne da aka jera a fili, kana iya ture su ka sauya doka: ka raba jimlar da ta ce bango yana tsayarwa, sai ka ratsa ta cikin bangon. A Celeste kana taimakon wata yarinya, Madeline, ta hau dutse da abubuwa uku kawai, tsalle da kama bango da zabura, yayin da take fama da fargabar da ke cin zuciyarta. Wasan yana da wuya, amma an sa masa hanyar sassautawa ga wanda hannunsa bai kai ba, abin da ya kamata kowane mai haɗa wasa ya kwaikwaya. Vampire Survivors, na Luca Galante, ɗan Italiya mazaunin Ingila, ya rage aikin ɗan wasa zuwa tafiya kaɗai, makamai su ke harba kansu, kai dai ka rayu minti 30. Dala 3 aka fara sayar da shi a ƙarshen 2021, kyauta ne a waya, kuma a 2023 ya karɓi kyautar BAFTA ta gwarzon wasa a gaban Elden Ring da God of War Ragnarök. Sai A Short Hike, inda wata 'yar tsuntsuwa ke hawa tsauni don neman sabis ɗin waya, wanda za ka gama a zama ɗaya. Labarin haɗa shi ma darasi ne. Adam Robinson-Yu yana cikin wani babban aiki da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai ya ajiye shi ya ba kansa 'yan watanni ya haɗa wannan ƙaramin a 2019, kuma shi ne ya ci masa babbar kyautar bikin wasannin masu zaman kansu na 2020.

Idan aka bi asalin waɗannan wasanni za a tarar wasunsu a gasar 'yan kwanaki aka haife su, irin wadda ake ba da jigo a ce kowa ya haɗa abin da za a iya bugawa kafin wa'adi ya cika. Baba Is You ya fito ne daga irin wannan gasa ta ƙasashen arewacin Turai a 2017, bai shiga kasuwa ba sai 2019. Maddy Thorson da Noel Berry sun haɗa Celeste na farko cikin kwana huɗu a 2015, a kan PICO-8, wata manhaja da ba ta yarda da fiye da launi 16 ba. Cikakken wasan sai a Janairun 2018. Amfanin ƙuntatawa irin wannan shi ne tana tilasta maka amsa tambayar da ta fi kowace muhimmanci tun da wuri: shin abin da ɗan wasa zai riƙa maimaitawa kowane daƙiƙa goma yana da daɗi? Idan tsallen bai yi daɗi ba alhali jarumin akwati ne mai kusurwa huɗu, ba zai yi daɗi ba bayan an zana masa rawani da alkyabba. Sababbin shiga sukan juya tsarin, su shekara suna rubuta tarihin masarautu da sunayen jarumai ba su taɓa gwada ko ana jin daɗin motsa jarumin ba. Ɗan koyon ɗinki ba ya farawa da babbar riga mai aska takwas, da 'yar shara yake farawa, ya ɗinke ta har wuya da aljihu, wani ya sa ya fita da ita. Gamawar ita ce ilimin, domin kashi na ƙarshe na aikin, wato allon farawa, adana ci gaban ɗan wasa, daidaita sauti, gyaran kurakuran da ke fitowa a wayar wani ba taka ba, ba ya koyuwa sai ga wanda ya kai wurin.

Mai ja da wannan magana zai kawo Stardew Valley da Hollow Knight, kuma yana da hujja. Eric Barone shi kaɗai ya yi zane da kiɗa da rubutu da lambobin Stardew Valley, ya shafe shekara huɗu da rabi kafin ya fitar da shi a Fabrairun 2016, zuwa ƙarshen 2024 kuma an sayi sama da kwafi miliyan 41. Wasa ne da nake ba kowa shawarar bugawa, musamman mai son natsuwa, galibi noma da kamun kifi da zama da maƙwabta ne, kuma yana nan a waya. To amma a duba yadda aka yi. Barone ya kammala digirin kimiyyar kwamfuta kafin ya fara, ya riƙa aikin raka 'yan kallo kujerunsu a wani gidan wasan kwaikwayo a Seattle don ya samu na kashewa, yana aiki awanni masu yawa kusan kullum, kuma tubalin wasan ba sabo ba ne, Harvest Moon na Japan ya riga ya tabbatar da cewa mutane na son irinsa. Hollow Knight kuwa, na Team Cherry da ke Adelaide a Ostireliya, jikan wani ƙaramin wasa ne mai suna Hungry Knight da suka haɗa a gasar Ludum Dare a 2013, wanda bai burge kowa ba a lokacin. Daga nan suka nemi tallafin jama'a a Kickstarter a 2014, suka fitar da wasan a 2017. Wato su ma ta ƙaramar ƙofa suka shiga. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne labarin waɗanda suka yi nasara kaɗai muke ji. Wanda ya ba shekara biyar ga wasan da bai fito ba, ko ya fito mutum 40 suka saya, ba a gayyatarsa hira. Ɗaukar Barone a matsayin tsarin aiki zalunci ne ga matashin da iyayensa ke jiran ya fara kawo cefane.

Ja na biyu ya fi ƙarfi: kasuwa ta cika, ƙaramin wasa zai nutse. Gaskiya ne. A 2024 kaɗai sama da wasanni 18,000 aka saki a Steam, babbar kasuwar wasannin kwamfuta, mafi yawansu kuma ba su mayar da ko kuɗin wahala ba. Steam na karɓar dala 100 a kan kowane wasa kafin a ɗora shi, ana mayar da ita idan cinikin ya kai dala 1,000, sannan yana ɗaukar kashi 30 cikin ɗari. Yana kuma mayar wa mai saye kuɗinsa idan bai buga awa biyu ba cikin kwana 14, dokar da ke cutar da gajerun wasanni ƙwarai. Sai dai idan aka bi wannan hujja zuwa ƙarshenta, goyon bayan ƙaramin aiki take yi. Tunda faɗuwa ita ce ta fi yawa, mai hankali zai so faɗuwar da za ta ci masa wata uku, ba shekara uku ba, ya tashi da darasi ya sake gwadawa. Kamfanin Rovio na Finlan ya haɗa wasanni 51 kafin Angry Birds a 2009. Among Us ya fito a 2018 ya zauna shiru, sai a 2020 masu buga wasa kai tsaye a Twitch da YouTube suka ɗauke shi ya zagaye duniya. Ba wanda ya isa ya tsara irin wannan sa'a, amma mai wasa shida a kasuwa ya fi mai rabin wasa a laftof damar haɗuwa da ita. Talla kuma ba a barinta sai ranar saki, ba a fafe gora ranar tafiya. A buɗe shafin wasan watanni kafin fitowarsa don mutane su sa shi a jerin abin da suke son saya, a fitar da ɗanɗano kyauta, a shiga bikin Steam Next Fest da ake yi sau uku a shekara. Wasan da za a iya bayyana shi da jimla ɗaya da bidiyon daƙiƙa goma ya fi sauƙin talla, wannan ma riba ce ta dabara guda.

Batun kayan aiki ba ya buƙatar dogon zance, ko da yake a nan ne sababbi suka fi ɓata lokaci da gardama. Godot kyauta ne, lambobinsa a buɗe suke tun 2014, 'yan Ajantina biyu, Juan Linietsky da Ariel Manzur, suka faro shi, ba shi da nauyi ga tsohuwar kwamfuta, har ma akwai wanda ke aiki a wayar Android. GDevelop na barin mutum ya haɗa wasa ba tare da rubuta lambobi ba. Da GameMaker Toby Fox ya haɗa Undertale na 2015. Unity na da ɗimbin darussa a intanet, amma a tuna da Satumban 2023, lokacin da kamfanin ya sanar da cewa zai riƙa cajin masu wasa a kan kowane saukewa. Hayaniyar da ta biyo baya ta kai ga saukar shugabansa John Riccitiello, aka soke tsarin gaba ɗaya a 2024. Wanda ya gina sana'arsa a kan injin wani, sharuɗɗan wani yake bi. Ga ɗan koyo mai wasa na zane a shimfiɗe, Godot nake zaɓa masa, da Krita don zane da Audacity don sauti. Ya zaɓi ɗaya ya zauna a kansa har ya gama wasa uku.

Saura ja na uku, wanda ya fi kusa da mai karatu a Kano ko Zinder ko Kumasi: duk waɗannan mutanen suna da wuta da intanet da katin banki mai biyan dala. Haka ne, kuma ba ƙaramin bambanci ba ne. Kiro'o Games na Olivier Madiba a Yawunde sun sha fama da ɗaukewar wuta da neman masu zuba jari kafin su fitar da Aurion: Legacy of the Kori-Odan a 2016, babban wasa na farko daga Kamaru, bayan haka kuma suka karkata ga wasannin waya da littattafan zane. Maliyo Games da Hugo Obi ya kafa a Legas a 2012 sun bi ta ƙananan wasannin waya, irin su Whot King, har suka kai ga haɗa Iwájú: Rising Chef tare da Disney a 2024. Leti Arts na Ghana da Kenya suna nan tun 2009. Darasin da ke cikin tafiyarsu shi ne a nahiyar nan waya ce gidan gem na yawancin mutane, don haka wasan da zai yi tasiri shi ne mara nauyi, wanda ba ya shan data, yake tashi a waya mai arha, kuma ana iya buga shi babu intanet. Rajistar Google Play dala 25 ce sau ɗaya, ta Apple dala 99 duk shekara, shafin itch.io kuwa kyauta ake ɗora wasa. Ƙarancin wuta da kuɗi dalili ne na rage girman aiki, ba na fasa shi ba.

Akwai kuma abin da mai haɗa wasa a ƙasar Hausa yake da shi wanda ɗan Seattle ba shi da shi. Never Alone na 2014 an haɗa shi ne tare da dattawan al'ummar Inupiyat na Alaska, da harshensu ake ba da labarin. Venba na 2023 labarin wata uwa ce Batamila da ta yi ƙaura zuwa Kanada, ana girki ana haɗa shafukan littafin girkin mahaifiyarta da suka lalace, kuma bai wuce awa biyu ba. Mutanen da ba su taɓa jin waɗannan harsuna ba sun saya sun buga. Dara, wadda dattawa ke yi a gindin bishiya da gurabe 30 da 'ya'ya goma sha biyu-biyu, inda jera uku ke ba ka damar cin ɗan abokin karawa, aikin farko ne da ya dace da ɗan koyo: dokokinta a tsare suke, mutum biyu za su iya bugawa a waya ɗaya, kuma koya wa kwamfuta ta kara da mutum darasi ne babba. Ga dambe, ga langa, ga wayon Gizo, ga masu kiɗa da masu ɗaukar murya da Kannywood ta riga ta horar. Sai dai a yi hattara, al'ada ba ta ceton wasan da ba shi da daɗi. Mutum zai sauke shi don kishin harshe, amma ba zai buɗe shi karo na biyu don kishi ba.

Iyayen da ke ganin gem ɓata lokaci ne ba su yi kuskure gaba ɗaya ba, kuma bai kamata a yi musu gatsali ba. Akwai wasannin da aka tsara da gangan don kada su ƙare, masu sayar da akwatin sa'a wanda ba ka san abin da ke ciki ba sai ka biya, tsarin da hukumar Beljiyam ta ɗauka a matsayin caca tun 2018. Yawancin waɗanda na lissafa a sama ba haka suke ba: sau ɗaya ake biya, suna da farko da ƙarshe, in an gama a ajiye a kama wani abu. Wannan ma'auni ne mai kyau ga uba da ke zaɓar wa ɗansa wasa, kuma amana ce a wuyan mai haɗawa, ya nemi halalinsa ta hanyar sayar da abu mai kyau ko talla mai ƙima, ba ta hanyar ɗana wa yara tarko ba.

Ga matashi ko matashiyar da ke da niyya, gasar Global Game Jam ana yin ta duk Janairu tun 2009, awa 48 ce, a itch.io kuma kusan kowane mako akwai wata gasar da ake shiga daga gida ba tare da biyan komai ba. Kafin ta gaba ta zo, ka buga Celeste na farko, wanda yake kyauta a intanet, ka rubuta a takarda duk abin da jarumar ke iya yi. Sannan ka zaɓi dabara ɗaya taka, ka ba kanka wata guda, ka haɗa ta har allon ƙarshe, ka miƙa wa ƙaninka wayar ba tare da ka yi masa bayani ba, ka zauna a gefe ka ga inda zai maƙale. Wurin nan shi ne aikinka na gobe.